Tsakanin Sallar Asuba Da Ƙararrawar Makaranta

  

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga karatun Risala da muke yi tsakanin magariba da lisha, wani bawan Allah ɗan kasuwa ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya durƙusa, ya ce yana da tambaya amma yana jin nauyinta. Muka ce ya faɗi, domin ba a jin kunya wajen neman sanin addini. Ya ce, "Allah gafarta malam, shin da laifi idan mutum ya idar da sallar asuba ya zauna a masallaci har hantsi ya yi?" Muka ce masa zaman masallaci bayan asuba ana ambaton Allah har rana ta fito ai abu ne mai falala. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To gaskiya, malam, ba zikirin ne ke zaunar da ni ba. Tun da aka koma makaranta gidan ne ba ya shiguwa sai yara sun fita."

'Ya'yansa biyar ne, babbar tana da shekara 11, ƙaramin yana goye. Muka yi dariya muka sallame shi da 'yar gajeruwar amsa. Amma da muka koma gida sai tambayar ta hana mu sakat, domin mun san mu ma muna da irin mafakarsa. Shi masallaci ne, mu kuwa zaure ne da littafi a buɗe. Saboda haka wannan nasiha kanmu muka fara yi wa, kafin ta kai ga masu karatu.

Abin da ke faruwa a tsakar gida

Duk mai 'ya'ya uku ko huɗu a firamare ya san yadda ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi na safe ke kasancewa. An tashi babu wuta, kayan makarantar da aka wanke jiya ba a goge ba. Ruwan wanka na bisa murhu ɗaya da kokon kumallo, in kuwa lokacin hunturu ne sai an yi kokawa kafin yaro ya yarda ruwa ya taɓa jikinsa. Wannan yana neman ƙafar takalminsa ɗaya, wancan ya tuna yanzu-yanzu cewa an ba shi aikin gida bai yi ba, waccan tana kuka an sa mata hijabin ƙanwarta. Ana cikin haka sai ɗan goye ya kifar da kwanon ƙosai. Mai adaidaita sahu yana ta danna oda a ƙofar gida, yana cewa akwai sauran yaran da zai ɗauka. Sai an kai bakin ƙofa sa'an nan wani zai ce malaminsu ya ce kowa ya zo da kuɗin jarrabawa yau, wanda bai zo da shi ba ya koma gida. Ga kuma kuɗin tara da kowane ɗaya ke miƙo hannu a ba shi.

Tsakiyar wannan duka akwai mace guda, wadda wataƙila ba ta runtsa sosai ba saboda jinjiri. Ba ta gama numfasawa ba za a taso daga boko bayan azahar, a ci abinci a tsaitsaye, a canza tufafi, a nemi jakar Islamiyya. Da magariba a dawo da hadda da aikin gida, wasu kuma su wuce makarantar allo ta dare. Asabar da Lahadi da ma'aikaci ke kira hutu, a yawancin Islamiyyu ranakun karatu ne. Haka ake yi zango uku, daga watan Satumba zuwa Yuli.

Yadda aka zo nan

Wasu dattawa sukan ce iyayen yanzu ne ba su da juriya, ai su ma sun yi renon 'ya'ya goma ba a ji kansu ba. Akwai gaskiya a maganarsu, amma zamani ya canza sharuɗɗan aikin. Mu da aka sa a firamare lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, mun tashi a babban gida. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai matan baffanni, kuma duk wanda ya ga yaro da majina zai share masa ba tare da ya tambayi ɗan wane ne ba. Makarantar tana cikin unguwa, da ƙafa muke zuwa cikin ayarin 'yan'uwa, babba na riƙe da hannun ƙarami. Makarantar allo kuwa a zauren maƙwabci take.

Yau ma'aikaci yana zaune a gidan haya a bayan gari, nesa da danginsa da dangin matarsa. Aikin da hannu goma ke yi da, ya koma kan hannu biyu. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, kuma babu uba mai hankali da zai so ɗansa ya rasa boko ko ya rasa Alƙur'ani, saboda haka yaro guda ya zama ɗalibin makarantu biyu ko uku, kowacce da tufafinta da littattafanta da kuɗinta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin kai yara da ɗauko su ya zama wani babban kaso cikin albashi. Uba yana fita da damuwar aljihu, uwa tana zaune da gajiyar jiki, yara kuwa su ne ke tsakiyar tsaka mai wuya.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci dukiya da 'ya'ya da sunan fitina a aya ta 28 ta Suratul Anfal, da aya ta 15 ta Suratut Tagabun. Malaman tafsiri sun bayyana cewa ma'anar fitina a nan ita ce jarrabawa. Mutane da yawa suna tsammanin wannan jarrabawa sai yaro ya girma ya kangare take zuwa. Alhali kuwa takardarta ana raba ta kullum da ƙarfe shida da rabi na safe, kuma wanda ya fake a masallaci ko zaure bai zauna jarrabawar ba balle a duba masa.

Kiwo na mutum biyu ne

Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi kiwonsa. An ambaci mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa, amma kafin ita sai da aka ambaci namiji a kan iyalinsa. Da yawa daga cikinmu mun riƙe rabin hadisin da ya shafi mata, mun manta da rabin da ya shafe mu. Mun ɗauka idan an ajiye kuɗin cefane an biya kuɗin makaranta, to an sauke nauyi. Ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kan uba, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta nuna, amma a cikin wannan ayar ce kuma aka hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Wace cuta ce ta fi a bar mace ita kaɗai da yara biyar, sa'an nan in sun makara a zo a ɗora mata laifi?

An tambayi Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a cikin gidansa. Ta nuna cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Buhari ne ya ruwaito. A duba tsarin da kyau: hidima a gida, sa'an nan fita zuwa salla in lokacinta ya yi. Mu kuwa mun juya shi, mun mai da salla ƙofar tserewa daga hidima. Haka kuma ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Kuma yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don tausayin uwar yaron. Wanda ya taƙaita sallar jam'i saboda hankalin wata uwa ya kwanta, me zai ce da wanda ya tsawaita zaman nafila alhali uwar 'ya'yansa na fama?

Ɗan kasuwa zai ce sammako ne sirrin kasuwa. Gaskiya ne, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito addu'ar albarka ga wannan al'umma cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito ta, Sahru Algamidi, ɗan kasuwa ne mai aika hajarsa da sassafe, har ya yi arziki. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, shaguna nawa ne ake buɗewa a Kantin Kwari ko Sabon Gari kafin ƙarfe bakwai? Albarkar sammako tana iya sauka a kan uban da ya ɗaure wa ɗansa igiyar takalmi, kamar yadda take sauka a kan wanda ya buɗe rumfa. Ma'aikaci kuma da ke tsoron makara a ofis, ya tuna akwai rajistar da ba akawu ke riƙe da ita ba.

Abin da harshe ke girbewa da safe

Babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganganun da ke fita a wannan sa'a. Idan mutum ya bi ta lungu da safe zai ji ta bayan katanga ana cewa yaro "ɗan banza", "Allah ya tsine maka", "ba za ka yi albarka ba", duk a kan safa ko fensir. Mai faɗin ba ta nufin haka, gajiya ce ta yi magana da bakinta. Amma Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an hana mutum yin mummunar addu'a a kan kansa ko 'ya'yansa ko dukiyarsa, don kada ta dace da sa'ar da ake amsa roƙo. Addu'ar mahaifi a kan ɗansa kuwa tana cikin waɗanda aka ba da labarin ana karɓa. Mun sha ganin iyaye suna yawon neman taimakon malamai a kan saurayin da ya gagare su, ba su tuna da abin da suka riƙa jifansa da shi kowace safiya yana ɗan shekara bakwai. Wanda ya ji bakinsa zai kubce, ya saba masa da "Allah ya shirye ka". Tsawonsu ɗaya da tsinuwa, huce haushinsu ɗaya, amma abin da za a tarar a gaba ba ɗaya ba ne.

Sai kuma ƙaryar lallashi. Yaro ya ƙi tafiya, a ce masa je ka, in ka dawo za ka tarar da alewa, alhali babu niyyar saye. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah na zaune a gidan. Ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi kome, da an rubuta mata ƙarya. Yaron da aka yi wa irin wannan alkawari sau ɗari a shekara ya riga ya sauke karatun ƙarya a gida, malamin Islamiyya zai sha wahala kafin ya wanke masa allon.

Bulala ma haka. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Hadisin Abu Dawuda ya yi umarni a hori yara da salla suna da shekara 7, ba a ambaci duka ba sai a shekara 10. Tsakanin nan akwai salloli fiye da 5,000 da za a yi ta tunatarwa da baki. Idan wannan shi ne haƙurin da aka nema a kan ginshiƙin addini, yaya za a mari ɗan shekara shida don ya zubar da koko? Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, a littafinsa na ladubban malaman yara ya iyakance horo ga bulala uku, ya kuma ƙi a yi duka cikin fushi. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddima yana bayyana cewa tsanantawa ga yara tana kashe musu zuciya, tana koya musu kasala da ƙarya da yaudara, domin mai tsoron hannu yakan koyi ɓoye abin da ke ransa. Duk malamin makaranta ya san yaron da aka doka kafin ya fito: yana zaune a aji, amma darasin farko ya wuce shi.

A kula kuma da adalci, musamman a gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa kyauta shi kaɗai, ya je neman Annabi ya zama shaida. Da Annabi ya ji sauran 'ya'yan ba su sami irinta ba sai ya ƙi, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Kuɗin tara da sabuwar jaka da wanda ake ɗorawa a gaban babur, ƙananan abubuwa ne a idon babba, amma yara suna lissafinsu, kuma daga nan gabar 'yan uba ke tsira.

Safiya tun dare ake gyara ta

To, mene ne abin yi? Abin da muka gwada a gidanmu muka ga amfaninsa shi za mu faɗa.

Na farko, maigida ya rage zaman majalisa bayan lisha a ranakun makaranta. Rabin sa'a ya isa a duba jakar kowane yaro, a ji haddarsa, a tambaye shi ko an aiko da saƙo daga makaranta, a haɗa takalma wuri ɗaya, a rataye tufafin kowa a ƙusarsa, a ware kuɗin tara. Yawancin ihun safe a kan abin da za a iya ganowa tun dare ne.

Na biyu, barci. Likitocin yara sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda za a tasa da asuba wajen biyar da rabi, lalle ya kwanta kafin takwas da rabi. Yaron da aka bari yana kallo a wayar uwarsa har sha ɗaya, kukansa na safe kukan barci ne, bulala ba ta maganinsa. Mu manya ma mu ajiye tamu wayar, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na uku, a raba aiki. Uba ya ɗauki wankan maza ko rakiya zuwa bakin titi. Ɗan shekara tara yana iya shirya ƙaninsa. Amma kada a mai da babbar 'ya uwa ta biyu har ta riƙa makara ko barci a aji. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma gidansa ne ya fitar da Nana Asma'u. Karatun yarinya ba shi ne abin yanka ba duk lokacin da aiki ya yi yawa.

Na huɗu, a auna nauyin da aka ɗora wa yaro. Ɗan shekara biyar da ke boko da safe, Islamiyya da yamma, allo da dare, ga malamin darasi na musamman a gida, yaushe zai yi wasa? Magabatanmu da suka ba almajirai hutun Alhamis da Juma'a sun san abin da suke yi. A zauna da malamai a rage wa ƙanana, domin Alƙur'anin da aka koya cikin so ya fi zama a zuci.

Na biyar, wanda Allah ya hore masa ya samar wa iyalinsa mai taimako. Wanda ba shi da hali ya taimaka da hannunsa da kyakkyawar magana. Nana Faɗima, Allah ya yarda da ita, ta kai kukan kantar da niƙa ya yi wa hannunta, ta nemi hadimi. Mahaifinta ya taka da kansa har shimfiɗarsu da dare, ya zauna tsakaninta da Sayyidina Aliyu, ya koya musu tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 yayin kwanciya. Iyaye mata su riƙe wannan zikiri. Maza kuma kada su riƙe shi hujjar naɗe hannu, su lura cewa Annabi bai raina kukanta ba, takawa ya yi ya je.

Daga ƙarshe, kada yaro ya fita sai an shafa kansa an sa masa albarka, ko da an yi faɗa minti biyar da suka wuce. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka sanar da shi cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Kunyar ɗan fari da muka gada al'ada ce, ba ta kai ta hana sunna ba.

Waɗannan shekaru gajeru ne. Manyan 'ya'yanmu da muka riƙa neman takalmansu a ƙarƙashin gado yau suna wasu garuruwa, sai mun kira waya muke jin muryarsu, kuma akwai gidajen da ke roƙon Allah dare da rana ya ba su ko da ɗaya mai kifar da kwanon ƙosai. Ga ɗan'uwanmu mai tambaya, wanda muka san yana karanta wannan shafi, ga cikakkiyar amsar da muka rage masa: idan liman ya sallame ka yi azkar ɗinka, ka tashi ka tafi gida. Ka ci gaba da tasbihinka kana ɗaura igiyar takalmi, muna kyautata zaton Allah ba zai tauye maka lada ba. Mu ma mun rufe littafin zaure sai ƙarfe takwas.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanya su sanyin idanunmu, ya saka wa iyaye mata da alheri, ya gafarta mana abin da harsunanmu suka furta cikin fushi.